Ruwan ido ya kama ni tsakanin Sony a7 III da Fujifilm X-T4

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Kusan shekara biyu kenan ina tara kuɗi in sayi kyamara marar madubi, yanzu kuɗin sun kai amma na kasa tsayar da magana ɗaya, sati uku kenan kullum sai dare ya raba ina kallon bidiyon masu gwada kyamarori a YouTube, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza har kaina ya ɗau zafi. Guda biyu suka rage min, duk na hannu ne, Sony a7 III da Fujifilm X-T4, kuma kuɗina ba za su wuce kyamarar da lens ɗaya ba, in na matsa biyu. Yawanci yarana nake ɗauka a cikin gida, sai kayan da nake ɗinkawa ina sawa a intanet, sai ɗan bidiyo da nake yi ina wa mutane bayani, ni kaɗai ba mai riƙe min. Kwanan nan kuma mutum biyu sun ce in zo in ɗau musu hoto a ƙaramin taro za su biya ni. Yayana ya dage sai Sony, wai ful-firem ce, duk wanda ya san abun da yake yi ita yake riƙewa, ya ce in na sayi Fuji zan yi da-na-sani. Ni kuma ƙawata tana da Fuji irin wannan, sau uku ina zuwa gurinta ba dan komai ba sai dan in riƙe kyamarar, kalar hotonta tana burge ni sosai. Sannan gaskiya ban iya editin ba, laftof ɗina ma ta tsufa. Ina tsoron in saɓa wa yayana kuma ya zamana shi ne da gaskiya, da ƙyar na tara kuɗin nan. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ja miki rai ba, ki ɗauki X-T4 ɗin. Na karanta saƙonki sau biyu kuma amsar tana cikinsa, ke da kanki kika rubuta ta ba ki lura ba: kina ɗaukar kanki bidiyo ba mai riƙe miki, ba ki iya editin ba, laftof ta tsufa, kuma sau uku kina tafiya takanas dan ki riƙe wata kyamara a hannunki. Amma tunda shekara biyu kika yi kina tari bai kamata in ce miki ɗauki kaza kawai in yi shiru ba, dole in gaya miki abun da za ki samu da abun da za ki rasa, dan akwai abun da za ki rasa ɗin, kuma yayanki ba shirme yake faɗa ba.

Bari mu fara da maganarsa. Abun da ake ce wa ful-firem girman sensa ne, wato farantin nan da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Na a7 III ya kai kusan milimita 36 a faɗi da 24 a tsayi, daidai da girman fim ɗin da ake sawa a kyamarorin da. Na X-T4 kuma, wanda ake kira APS-C, milimita 23.5 ne da 15.6. In kika lissafa fili, na Sony ya ninka na Fuji sau biyu da ɗan ɗoriya. Toh me hakan ke haifarwa? Babban faranti ya fi tara haske, kamar dai yadda babban baho ya fi ƙaramin kwano tarar ruwan sama in aka ajiye su tare. Saboda haka in guri ya yi duhu kika ɗaga ISO, wato lambar da ke sa kyamara ta ƙara wa hoto haske, hoton Sony zai fi fita da tsabta, na Fuji zai riga shi fara tsaki-tsaki. Tazarar kusan mataki ɗaya ce, ma'ana abun da Fuji za ta ba ki a ISO 3200 Sony za ta ba ki kwatankwacinsa a 6400. Wannan gaskiya ne ba wanda zai musa. Zancen megafiksel kuma ki manta da shi gaba ɗaya, ɗaya 24 ɗaya 26, ba idon da zai gane bambanci.

Sai dai abun da masu cewa ful-firem ful-firem ba sa ƙarasa faɗa shi ne, haske ba ta sensa yake fara shiga ba, ta lens yake shiga. Lambar nan da kike gani a jikin lens, f/4 ko f/2.8 ko f/1.4, ita ce ke nuna iya buɗewar bakinsa, kuma ƙaramar lamba ita ce babban baki. Lens mai f/1.4 yana shigo da haske ninki huɗu na mai f/2.8, ninki takwas na mai f/4. Kinga kenan wanda ya zuba duk kuɗinsa a jikin Sony ya ƙare da ɗan zum ɗin da ake haɗowa da ita, 28-70 mai f/3.5-5.6, in kuka shiga ɗaki ɗaya da daddare ke kina riƙe da Fuji da lens mai f/1.4, wallahi hotonki zai fi nasa tsabta nesa ba kusa ba, duk da babban sensan nasa. Na sha ganin haka da idona. Eh in shi ma ya sa lens mai f/1.8 a Sony ɗin tazarar za ta dawo, ban ɓoye miki ba. Amma tazarar mataki ɗaya ce, kuma hotunanki a sikirin ɗin waya za a kalle su, ba allon talla na bakin titi za a buga ba.

Haka zancen bayan hoto ya narke, wanda nasan shi ne rabin abun da ke sa mutane son babbar kyamara. A Fuji kina ninka lambar lens da 1.5 ki san daidai da me yake a ful-firem. Lens mai 56mm f/1.4 a Fuji zai ba ki kusan abun da 85mm f/2 zai bayar a Sony, fuska ta fito tas bayan ya narke kamar an shafa shi. Ya isa har ya yi yawa, dan sau da yawa ma sai kin ɗan rufe bakin lens ɗin in ba haka ba ido ɗaya ya fito ɗayan ya dushe.

Inda Sony ta fi da gaske, wanda shi ya sa na ɗan tsaya tunani kafin in ba ki amsa, shi ne fokas. a7 III ta fito a 2018, ta girmi X-T4 da shekara biyu, amma a kama ido har yau tana da ƙarfi, musamman bayan sabunta manhajarta da kamfanin ya fitar a 2019 wanda ya sa da kin ɗan danna maɓallin ɗauka rabi take cafke idon mutum ta bi shi. Ki ɗauka ƙaramin yaronki ya taso daga ƙarshen falo a guje ya nufo ki yana dariya, fitila ɗaya ce a kunne, kin durƙusa kin danna kin riƙe. Sony za ta manne wa idonsa, mafi yawan hotunan su fito daidai. Fuji ma tana gane fuska da ido, amma takan yi saki-na-dafe, wani lokaci ta bar yaron ta koma kan fuskar yayarsa da ke zaune a baya, ko ya juya kai ta rasa shi na ɗan lokaci, sai kin zo dubawa ki ga hoton da dariyar ta fi kyau shi ne wanda fokas ya sauka a kunne. Abun da ciwo, ba zan ce miki babu ba.

Amma ana iya zama da shi. Ki sa fokas a kan mai bi, AF-C, akwai ɗan makunni a gaban kyamarar da aka rubuta M, C, S, ki kai shi C. Ki zaɓi fokas na yanki, wato akwati matsakaici a tsakiya maimakon ki bar mata duk fili ta yi ta zaɓe da kanta, ke ce za ki dinga ɗora akwatin a kan yaron. In yara sun fi ɗaya a guri ki kashe gane fuska. Ki sa ta ɗauka a jere, tana iya yin hoto 15 ko fiye a daƙiƙa ɗaya amma 7 ko 8 sun ishe ki. Sati biyu kina haka hannunki zai faɗa. Kuma ki tuna yaran naki ne, kullum suna gabanki, hoton da ya kuɓuce yau gobe za ki sake samunsa.

Wani abu da zan ja kunnenki a kai tun yanzu, dan masu bidiyon nan suna ruɗa mutane da shi. Duk kyamarorin biyu suna da maganin rawar hannu a cikinsu, sensan ne ke motsi ya rama girgizar hannunki, na Fuji ma a takarda ya ɗan fi. Amma wannan rawar hannunKI yake magani, ba motsin yaro ba. In yaro na tsalle kika bar gudun shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a 1/30 na daƙiƙa, to hoton zai fito kamar an ja shi da tsumma komai tsadar kyamarar. Yara suna wasa kar ki sauka ƙasa da 1/250, in gudu ne 1/500, ISO ya hau abunsa. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki wanda fuska ta fito ya fi mai santsi wanda fuska ta goge.

Yanzu ga abun da ya yanke min hukunci. Kin ce kina tsayawa gaban kyamara kina bayani ke kaɗai. Sikirin ɗin a7 III ɗagawa sama yake da ɗan sunkuyawa ƙasa, shikenan, baya juyowa gaba. Ma'ana ki kafa ta a kan ƙafa, ki zagayo ki tsaya, ba ki ganin kanki, ba ki sani ba ko kanki ya yanke ko rigar da kike nunawa ta fita daga hoto, ko ma ɗaukar ta tsaya tun ɗazu kina ta zuba. Sai kin gama minti goma ki zagaya ki duba ki ga aikin banza, ki sake. Akwai dabaru, a haɗa da waya ko a sayi ɗan ƙaramin sikirin a ɗora a kai, amma duk ƙarin kaya ne da ƙarin caji da ƙarin kuɗi, kuma irin wannan ƙananan wahalhalun su ne suke sa mutum ya ce bari dai in yi da waya yau, gobe ma haka, har kyamarar ta koma ajiya. Na X-T4 buɗewa yake gefe ya juyo ya kalle ki. Kina magana kina ganin kanki. Ga wanda zai yi wannan aikin duk sati, wannan kaɗai ya fi mataki ɗaya na ISO muhimmanci.

Kuma bidiyon kansa Fuji ta fi, tana ɗaukar 4K har firem 60 a daƙiƙa da zurfin kala na bit 10, Sony ta tsaya a 30 da bit 8. Ba lallai ki buƙaci wannan yanzu ba, da tsohuwar laftof ma shawarata ki tsaya a 1080 tukunna, wanda bai kai 4K girma da nauyi ba. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashin dayal ɗin shata da ke raba hoto da bidiyo, kowanne da saitinsa daban, kin gama bidiyo kin mayar kin ci gaba da hoto ba abun da ya rikice. Abu ɗaya, X-T4 ba ta da ramin hedifon, ta USB-C ake haɗawa da ɗan adafta, a sabuwa yana zuwa a kwali, toh ki tambayi mai sayarwa ko yana nan. Ramin makirfo kam akwai, kuma dan Allah ki sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuya, mutane suna haƙuri da hoto mara kyau amma ba sa haƙuri da murya mara kyau.

Sai kala. Abun da ya burge ki a hotunan ƙawarki ba idonki ne ke yaudararki ba. Fujifilm kamfanin fim ne tun 1934, sun shafe shekaru aikinsu kenan haɗa kala, kuma suka ɗauko sunayen finafinansu na ɗaukar hoto suka zuba a cikin kyamarar a matsayin zaɓi, Provia, Velvia, Astia, da irin su Classic Chrome, Classic Neg, Eterna na bidiyo da Acros na baƙi da fari. Kina zaɓa tun kafin ki danna, kina gani a sikirin, hoton JPEG ya fito a gyare ki tura waya ki saka. Wanda ya iya editin, yana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, ya zauna gaban kwamfuta, zai iya fitar da kowace irin kala daga Sony, shi wannan bai dame shi ba, shi ya sa za ki ji suna cewa kala ba dalili ba ce. A gurinsu ba dalili ba ce. Ke da kike da yara da keken ɗinki da laftof mai nishi, awa biyun da za ki yi kina gyaran hoto ina za ki samo ta?

Amma a nan akwai tarko, ki saurare ni da kyau tunda kaya kike sayarwa. Waɗannan kalolin masu daɗin ido suna canza launin yadi. Velvia tana ƙara wa kala ƙarfi, ja ya koma jajawur, kore ya yi shar fiye da yadda yake. Classic Chrome kuma tana kashe kala, Classic Neg tana karkatar da ita. In kika ɗau riga da ɗayansu, mai saye ta gani ta ce ita take so, kaya ya isa hannunta ta ga ba haka launin yake ba, kin jawo wa kanki magana kuma amana ta taɓu. Hoton kaya ki tsaya a Provia ko Pro Neg Std, ki ɗauka kusa da taga da rana, ki kashe fitilar ɗaki dan kar haske iri biyu ya haɗu, sannan ki saita farin kyamarar da farar takarda a gurin da za ki ɗauka. Ki ɗau hoto ɗaya, ki kara rigar kusa da sikirin ki gwada da idonki. Kalolin kwalliya ki bar wa hotunan yara, a can ki yi yadda ranki ke so.

Zancen riƙewa kuma kar ki bari kowa ya raina miki shi. Akwai shekarun da na yi da wata babbar kyamara da kowa ke yabo, na saye ta ne dan an ce ita ce ta ƙwararru, hotonta ba laifi ko kaɗan, amma ita da lens ɗinta in na rataya na awa biyu sai wuyana ya riƙe, kuma duk abun da zan canza sai na shiga menu na yi ta lalube. A hankali na ga ina fita ba ita. Ranar da ɗiyata ta fara takawa kyamarar tana cikin jaka a saman kabad, batir ba caji, da waya na ɗauka hoton ya fito dishi-dishi, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Tun daga nan in mutum ya ce min hannunsa ya so wata kyamara nake ɗaukar maganar da nauyi. X-T4 komai nata a waje yake, dayal ɗin ISO a hagu, na gudun shata a dama, na ƙara haske ko ragewa a gefensa, yawancin lens ɗin Fuji kuma da zobe a jikinsu na buɗe baki, kina murɗawa kina jin ƙas ƙas a yatsa. Tun kafin ki kunna kin san a ina take. Ga mai koyo wannan makaranta ce, cikin wata ɗaya za ki gane alaƙar ISO da gudun shata da buɗewar bakin lens fiye da wanda ya shekara yana danna menu. Nauyin jiki kam kusan ɗaya ne, Sony giram 650, Fuji 607, a lens ne bambancin yake fitowa, dan na ful-firem sun fi girma.

Toh aikin kuɗin fa, tarukan nan biyu? Duk biyun za su yi. Kuma duk biyun suna da abun da na fi damuwa da shi a aikin mutane, wato ramin katin memori guda biyu. Ki sa kati biyu ki saita kowane hoto ya sauka a duka biyun lokaci ɗaya. Na taɓa dawowa daga ɗaukar wani taro da kyamara mai kati ɗaya, na sa katin a kwamfuta ta ce sai dai a goge shi, na kwana ina neman hanyar ceto hotuna, wasu suka dawo wasu ba su dawo ba, kuma da safe dole na kira mutanen na faɗa musu da bakina. Ba na so ki taɓa yin irin wannan kiran. Batir kuma Sony ta fi, a gwajin da aka saba yi ana ba ta hoto 710 a caji ɗaya in da sikirin ake ɗauka, Fuji 500. Ki sayi na biyu ki sa a jaka magana ta ƙare, kuma duk suna caji ta USB-C. In zauren taron da duhu, ƙaramar filasha da za ki harba sama hasken ya daki silin ya sauko a hankali za ta yi miki abun da babban sensa ba zai yi ba. Sannan a ƙarƙashin fitilun LED ki guji shata mara ƙara, ta lantarki, takan sa wasu layuka-layuka a hoto, ki bar ta a kan ta asali mai ƙara.

Da za ki rubuto min ki ce Malam na bar ɗinki, na bar bidiyo, ɗaukar taro da daddare zai zama sana'ata duk sati kuma zan koyi editin, da na ce ki bi yayanki ki ɗau a7 III ki haɗa ta da lens ɗin kamfanin Tamron mai 28-75 f/2.8, haɗin da mutane da yawa suka ci abinci da shi, ga lens na kamfanoni daban-daban birjik a ɓangaren Sony dan sun daɗe da buɗe wa wasu ƙofa. Amma ba haka kika rubuto ba. Taro biyu ne aka yi miki tayi, ba a kai ga yi ba ma. Kar ki sayi kyamara dan aikin da wataƙila zai zo ki bar aikin da yake hannunki kullum.

Lens kuma, in ɗaya ne kuɗin zai iya, ki nemi XF 18-55 f/2.8-4 na Fuji, giram 310 ne kawai, yana da kyau fiye da yadda ake zaton lens ɗin da ake haɗowa da kyamara, kuma sau da yawa za ki samu mai sayar da X-T4 yana sayarwa tare da shi. Ko na kamfanin Sigma mai 18-50 wanda yake f/2.8 daga farko har ƙarshe, shi ma ɗan ƙarami ne. Da ɗayansu za ki yi bidiyo, ki ɗau kaya, ki ɗau taro. In kin matsa na biyu ya samu, Sigma 30mm f/1.4, shi ne na cikin ɗaki da daddare da yara, shi ne zai cike miki ramin da yayanki yake tsoro. Sigma sun fara yi wa Fuji lens tun 2022, saboda haka ki tabbatar wanda za ki saya mai shiga jikin Fuji X ne, dan irinsa sak akwai na Sony kuma ba zai shiga ba. Mai 56mm ki bar shi sai kuɗin taron sun shigo.

Tunda ta hannu ce, kar kunya ta hana ki bincike. Ki je da katinki. Ki cire lens ki kalli sensa a haske, kar ki taɓa shi, ki duba ba karce. Ki mayar da lens ki rufe bakinsa zuwa f/16 ki ɗau farin bango, ki zuƙo hoton ki duba, ɗigo-ɗigon ƙura ba komai ba ne ana gogewa, amma layi ko tabo mai faɗi ki ajiye musu kayansu. Ki murɗa kowane dayal ki ga lambar da ke sikirin tana bin abun da kika murɗa, ki buɗe sikirin ki juya shi ko'ina ki ga baya ɗaukewa, ki gwada ramin kati na ɗaya da na biyu daban-daban, ki sa caja ki ga tana karɓa. Ki ɗau bidiyo na minti goma ki ga ko za ta mutu ko ta yi zafin da ya wuce misali. Ki tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, kamfanin ya ce shatar X-T4 an yi ta ta kai 300,000, toh wadda ta yi dubu ashirin ko talatin yarinya ce. Lens ɗin kuma ki haska fitilar waya ta baya ki leƙa ta gaba, in kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, kar ki saya ko an rage miki. Kuma ki nemi a ba ki kwana biyu ko uku na gwaji, mai kaya mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Saura yayanki. Inaga tsoron da yake ji irin naki ne, ya ga wahalar da kika sha kafin kuɗin su taru baya so su tafi a banza, shi ya sa ya kama sunan da ya fi ji a bakin mutane. Kar ki yi musu da shi a kan lambobi, ba za ku gama ba. Ki ce masa Yaya na ji maganarka kuma gaskiya ne Sony ta fi a duhu ta fi a fokas, amma ni kaɗai nake ɗaukar kaina kuma sikirin ɗinta baya juyowa, sannan ba ni da halin editin. Ki roƙe shi ya raka ki ranar da za ki duba kyamarar, shi ya riƙe fitila ya duba lens, ya yi cinikin. Wanda aka sa a cikin abu ba ya zama yana jiran ranar da zai ce ai na faɗa miki.

Kafin nan ki yi abu ɗaya. Ki ari ta ƙawarki na yini guda, ko ki gayyato ta da ita, ba a gidanta za ki gwada ba, a naki, a ɗakin da kike ɗaukar yaran da irin hasken da kuke da shi bayan magariba. Ki sa 1/250, ki bar ISO ya hau, ki ɗau yaran suna guje-gujensu hoto ɗari, ki kafa ta ki yi bidiyon minti uku kina nuna riga, sannan ki tura duka wayarki ki kalla a nan, ba a sikirin ɗin kyamara ba. In kin ga fuskokin sun fito kuma tsaki-tsakin bai dame ki ba, ki rufe YouTube ɗin nan ki kira mai kyamara a satin. In kuma kin ga fokas ɗin ya ba ki haushi har kin ji ba za ki iya zama da shi ba, ki sake rubuto min ki faɗa min lens ɗin da kika gwada da shi da saitin da kika sa, mu duba ko daga nan ne kafin ki canza shawara. Allah ya sa albarka a abun da za ki saya, ya kawo kasuwa.